Nazarin lamari: yadda wasu iyaye suka shirya kai 'yarsu mai shekara 16 wajen likitan ƙwaƙwalwa karon farko

Tushen lamarin

Shekarar yarinyar 16 lokacin da abin ya taso, tana SS2 a wata makarantar jeka-ka-dawo a cikin Kano. Ita ce 'yar fari a ɗakinsu, ƙannenta biyar. Babanta ɗan kasuwa ne, mamanta kuma tana koyarwa a islamiyya da yamma. Ba zan faɗi suna ko unguwa ko asibiti ba, sharaɗin da uwar ta gindaya ke nan kafin ta yarda a rubuta.

Ba a gaban iyayenta ta tashi ba. Tun daga yaye kakarta ta wajen uba ta ɗauke ta kamar yadda aka saba, ɗaki ɗaya gado ɗaya, har Allah ya yi wa tsohuwar rasuwa a watan Agustan 2023 bayan doguwar jinya, kuma yarinyar nan ita ta yi mafi yawan jinyar, ita ce wanki ita ce ba da magani ita ce juya ta cikin dare. Bayan sadakar arba'in aka kwaso kayanta ta dawo gidan iyayenta. Ga kuma kunyar ɗan fari, uwar ko sunanta ba ta faɗa sai dai ta ce "ke" ko "yayarku", to ka ga ba zama za a yi a tabarma ɗaya a ce me yake damunki ba.

Kafin nan lafiyarta ƙalau, ba sikila ba farfaɗiya, ba a taɓa kwantar da ita a asibiti ba. Nauyinta kilo 52, a aji kuma ba ta wuce ta 4 zuwa ta 6.

Oktoba zuwa Disamba 2023: farkon abin

Da ciwon kai ya fara, sai ciwon ciki, sai rashin barci. Ƙanwarta da suke kwana ɗaki ɗaya ta ce wajen ƙarfe uku na dare take farkawa ta zauna a bakin katifa, ba salla ba karatu, zaune kawai har kiran assalatu. Ta daina zuwa hadda, kitso sai an yi faɗa, abinci ta tsakura ta ture. Abin da ya fi fitowa fili dai shi ne faɗa, ƙaramin abu ƙannenta za su yi ta hau su da masifa sannan ta shige banɗaki ta kunna famfo ta yi ta kuka.

A gida fassara biyu aka yi. Uwar ta ce rashin Hajiya ne zai wuce, uban ya ce sangarta ce irin ta goyon kaka. Da sakamakon zangon farko ya fito aka ga ta zo ta 29, sai zargi ya koma kan saurayi, aka ƙwace wayarta aka bincika, ba a samu komai ba amma ba a mayar mata ba.

Janairu zuwa Maris 2024: kemis da ruƙiyya

A Janairu aka kai ta kemis ɗin unguwa, aka yi gwajin Widal aka ce taifot ne, aka yi allurai, ba canji, aka koma aka ce to ulsa ce. Shi wannan gwajin na Widal likitoci sun daɗe suna cewa shi kaɗai ba ya tabbatar da taifot, mutum lafiyayye ma yana iya nunawa a inda cutar ta yi yawa, amma dai shi ake yi. Saboda rashin barcin kuma mai kemis ya ba da diazepam 5mg kullum da dare, ba takardar likita. Ta samu barci na 'yan kwanaki, daga baya sai ta koma tashi cikin dare, da rana kuma ta wuni a sanyaye kamar an zare mata laka.

A Fabrairu ta faɗi a filin asambuli. Zuciya na bugawa da ƙarfi, numfashi sama-sama, yatsun hannu suka sandare, tana cewa mutuwa za ta yi, wajen minti goma abin ya sake ta. Kafin a kira gida har an yanke hukunci a makaranta, iska ce.

Malamai biyu aka gwada. Na farko karatu ya yi a ruwa, ya ba da man zaitun da habbatussauda, ya yi mata nasiha a hankali, ita kanta ta ce tana jin sanyi a ranta idan yana karatun, sai dai barci da cin abinci suna nan yadda suke. Na biyun da wata maƙwabciya ta yi hanya, shi hayaƙi ya tura mata a lulluɓe da bargo, ana matse mata yatsa ana cewa faɗi sunanka, da ta ƙi magana aka sa bulala. Daga wannan rana ta daina yi wa kowa magana a gidan sai ƙanwar nan tata.

Azumi ya kama ranar 11 ga Maris, ya kuma rufe matsalar ruf, don wanda ba ya cin abinci da rana a watan azumi ba wanda zai lura da shi, da buɗa-baki kuwa kowa ta kansa yake yi.

Afrilu 2024: tafiyar da aka yi da dabara

Ranar ƙaramar salla, 10 ga Afrilu, gwaggonta ƙanwar babanta wadda nas ce a wani gari ta zo gaisuwa, ta ga ɗinkin sallar da aka auna wata biyu baya yana yawo a jikinta. Washegari ta ɗora ta a sikeli, kilo 45. Ta ce wa yayanta, "Yaya, yarinyar nan likitan ƙwaƙwalwa ya kamata ya gan ta." Ya ce 'yarsa ba mahaukaciya ba ce, in maganar ta fita wa zai aure ta, wa zai auri ƙannenta. Sai da aka kwana biyu ana ja kafin ya sauko, da sharaɗin ba za a gaya wa yarinyar ba, a ce mata likitan ido za a gani saboda ciwon kan.

Haka aka yi bayan gwaggon ta koma wajen aikinta. Sun shiga asibitin lafiya, suna karya kwana yarinyar ta ɗaga kai ta karanta allon da ke saman ƙofa, sai ta tsaya cak ta ce "Abba, Dawanau za ku kai ni?" Ba can ba ne, amma duk wanda ya tashi a Kano ya san da sunan asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau yara suke tsokanar juna. Ta zauna a ƙasa a barandar ta ƙi motsi, mutane suka fara taruwa, uban ya ji kunya ya ce a koma gida. Ko da ta yarda ma ranar ba lallai a gan su ba, don ba su zo da takardar turawa ba kuma ba ranar ganin yara da matasa ba ce.

Ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Mayu: shirin sati uku

Gwaggon ta ɗauki hutu ta dawo. Abin da ta fara yi mai sauƙi ne, ta kai yarinyar wajen likitan da ke ganin kowa da kowa aka buɗe fayil, ya rubuta takardar turawa, ta je sashen ƙwaƙwalwar ita kaɗai ta tambayi ranar da ake ganin matasa aka ba ta rana. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya 'yan ɗaruruwa ne kacal ga mutum sama da miliyan 200, waɗanda suka ƙware a kan yara kuwa sun fi haka ƙaranci nesa ba kusa ba, shi ya sa in ka samu rana ba a wasa da ita.

Mai wuyar shi ne yarinyar. Gwaggon ta sa uban da kansa ya gaya mata gaskiya, don shi ya yi dabarar farko. Ya ce mata likitan ido ƙarya ce, ya ce wancan sashen dai za a koma, magana ce za a yi ba allura ba ɗauri, ba za a bar ta a can ba, kuma in ta ce a fito za a fito. Ba ta ce komai ba ranar. Bayan kwana uku ta aiko ƙanwarta da tambaya ɗaya, wai za a rubuta a takardar makaranta? Aka ce a'a, fayil ɗin asibiti sirri ne. Aka kuma mayar mata da wayarta.

Sai littafi. Foti lif ɗin 'yan makaranta aka saya, aka raba shi gida-gida. Gaban littafin tarihin abin ne wata-wata tun daga rasuwar kaka, kuma a nan aka ga uwar ba ta san rabin labarin ba, ƙanwar nan mai shekara 13 ita ta san ƙarfe nawa yayarta take tashi da sau nawa take kuka, malamar ajinsu kuma ta ba da ranar faɗuwar asambuli da kwanakin da ta yi fashi. Gwaggon ta hana a rubuta fassara, ba "ta yi taurin kai" ba "iskar ta motsa", sai abin da ido ya gani: ta kwanta sha ɗaya ta tashi uku, ta ci cokali huɗu na shinkafa, bugun zuciya ya zo bayan la'asar ya yi minti goma. Sati uku ana cika wannan kullum. Shafukan tsakiya aka bar wa yarinyar ta rubuta abin da take so likita ya sani, aka ninke aka danne da fil, ba wanda ya buɗe.

Aka samu leda aka zuba duk abin da ta taɓa sha, kwalin diazepam da ragowar maganin ulsa da robar jiƙon malam na biyu da takardun gwaji da katin sakamakonta na zango uku. Uwar ta so a cire robar jiƙon wai kar likita ya yi musu faɗa, gwaggon ta ce a'a ita ce ma ta fi muhimmanci. Diazepam ɗin kuma ta ce kar a tsayar da shi farat ɗaya a gida tunda an kai wata uku ana sha, a bari likita ya faɗi yadda za a rage.

Inda aka fi kai ruwa rana shi ne tarihin dangi. Akwai baffan yarinyar, ƙanin babanta, wanda yana saurayi ya taɓa yin kusan wata biyu ba ya barci, yana surutu ba tsayawa yana rabar da jarin shago yana cewa shi za a naɗa sarauta, aka kai shi ƙauye wajen wani malami, ya dawo, aka binne maganar shekara da shekaru. Uban ya ce wannan ba ruwan likita da shi, tonon asiri ne. Gwaggon ta ce masa, "Yaya, da wannan labarin zai zaɓi magani, in ka ɓoye ita za ka cuta ba shi ba." Uwar da ta ji haka ita ma ta faɗi nata, bayan haihuwar auta ta yi watanni ba ta son ganin jaririn tana kuka ba dalili, aka ce wahalar jego ce. Duka biyun aka rubuta.

Abu na ƙarshe da aka yi yarjejeniya a kai tun a gida: in likita ya tambayi yarinya ita za ta amsa ko da za ta yi shiru na minti biyu, kuma in ya ce iyaye su fita za su fita. A bangon baya aka rubuta tambayoyinsu guda biyar, mene ne ciwon, ana warkewa, maganin yana kama mutum ya kasa rabuwa da shi, yaushe za a ga canji, sai ta uban, zai hana ta haihuwa.

Tsakiyar Mayu: ranar ganin likita

Sun fita bayan sallar asuba da abin karyawa a kwano don layi. Nas ta auna hawan jini da nauyi, kilo 44 da rabi. Ganin likitan kansa ya ɗauki kusan awa ɗaya da rabi.

Da farko dukkansu ya gani. Ya gaisa da yarinyar kafin iyayen, ya tambaye ta ko ta san dalilin zuwansu, ta ce e Abba ya gaya min. Ya karɓi littafin ya yi ta bin shafukan da biro, yana tambayar ciki da haihuwa da yaushe ta fara tafiya da magana, da al'adarta, da ko ta taɓa buga kai. Sau biyu uban ya buɗe baki zai amsa mata, gwaggon ta taɓa masa gefen babbar riga ya yi shiru.

Sannan ya ce "Alhaji, Hajiya, ku ɗan ba mu wuri," wata nas ta zauna a ciki. Kafin su fita ya faɗi ƙa'idar a gaban kowa, abin da ta gaya masa sirri ne sai fa abin da ya shafi hatsari ga ranta ko na wani, wannan dole iyaye su sani. Sun yi wajen minti 40.

Abubuwa biyu suka fito waɗanda ba sa cikin rubutun kowa sai shafukan nan na fil. Daren da kakarta ta rasu barci ya sace ta, ta farka ta tarar rai ya yi halinsa, tun daga lokacin take ganin ita ta kashe ta. Na biyu kuma tun Janairu tunani yake zuwa mata cewa gara ta mutu ta bi ta, ba ta shirya komai ba amma tunanin yana zuwa kusan kullum. Likitan ya nemi izininta, ya kira iyayen ya faɗi na biyun a gabanta. Na farkon ita ta faɗa da bakinta bayan sati biyu.

Ya ba ta takardar tambayoyi tara da ake kira PHQ-9, wadda makinta yake daga 0 zuwa 27, ta samu 19. Ya tura su gwaji: PCV ɗinta 29, wato jininta ya yi ƙasa, gwajin maƙoƙo lafiya. Uban ya roƙa a yi gwajin fitsari na ƙwaya, aka yi da saninta, ya nuna dangin diazepam kawai, kuma da yake kwalin yana kan tebur tun safe ba wanda ya kalle ta da zargi.

Abin da likitan ya ce shi ne ciwon damuwa ne mai ɗan tsanani tare da firgici mai zuwa farat ɗaya, wanda shi ne faɗuwar asambuli. Ya gaya wa uban cewa a ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya ɗaya cikin bakwai na masu shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata matsala ta irin wannan ɓangaren, kuma a matasa damuwa takan fito da faɗa da ciwon jiki fiye da zaman tagumi. Ba a kwantar da ita ba. Aka ce a kulle magunguna da fiya-fiya da duk wani maganin ƙwari, kar ta riƙa kwana ita kaɗai, aka ba su lambar da za su kira in abu ya taso. A rage diazepam a hankali, a fara maganin ƙarin jini, ta riƙa ganin masaniyar halayyar ɗan'adam duk sati biyu. Addu'a da karatu ya ce a ci gaba, hayaƙi da duka da jiƙon da ba a san me ke ciki ba su ne ya hana.

Yuni 2024 zuwa tsakiyar 2025

A zuwa na biyu likitan ya fara ba ta maganin damuwa, fluoxetine 10mg da safe. Ya yi bayani cewa saboda labarin baffan nan zai tafi a hankali, don a wanda danginsa ke da ciwon da kan ɗaga mutum sama ya sauko da shi, irin wannan magani yana iya tayar da wancan ɓangaren. Ya ce in sun ga ta daina barci amma ba ta gajiya, ko surutu ya yi yawa, ko tunanin mutuwar ya ƙaru a satuttukan farko, su dawo ranar ba sai ranar da aka ba su ba.

Sati biyun farko tashin zuciya ne kawai ba wani sauƙi, uban ya ce a daina. Uwar ta buɗe bangon littafin ta nuna masa amsar da gwaggo ta rubuta daga bakin likita, sati 4 zuwa 6 kafin a ga canji. Aka ci gaba, aka ƙara zuwa 20mg. A ƙarshen Yuli makinta ya sauko 12, barci ya kai awa shida.

A Agusta aka samu koma-baya, lokacin cikar shekara da rasuwar kaka ya haɗu da ƙarewar magani, a gida aka ce ai ta warke ba a sake saya ba sai bayan kwana tara, kuka da tashin dare suka dawo. Aka koma aka ɗora daga inda aka tsaya. A Oktoba makin 6, nauyi kilo 50, PCV 35, firgicin bai sake zuwa ba tun Yuli. Likitan ya ce ana ci gaba da magani aƙalla wata shida bayan an samu sauƙi, da wa'adin ya zo daidai da shirin WAEC kuma ya ce a bari ta gama jarrabawa tukuna. Ta zana WAEC da NECO a 2025, daga nan aka fara ragewa.

Me ya yi aiki, me bai yi ba

Kemis bai yi ba saboda ciwon kai da ciki aka bi aka bar abin da ke haifar da su, diazepam kuma ya rufe alama ya ƙaro wata matsalar. Malam na farko bai cutar ba kuma bai isa shi kaɗai ba, na biyun ya cutar. Dabarar likitan ido a ganina ita ta fi kowanne tsada, don ganin likitan ƙwaƙwalwa kusan dukkansa magana ce, ba hoto ba ne da za a ɗauka ko mutum yana so ko ba ya so, yarinyar da aka yaudaro ko ta shiga ɗakin ba za ta faɗi abin da ta faɗa a minti 40 ɗin nan ba.

Littafin ya yi aiki ne saboda likita awa ɗaya da rabi yake da ita, ciwon kuwa ya yi wata bakwai, kuma da uwar kaɗai aka dogara da ita da an samu tarihi mai rami, ba don sakaci ba sai don yadda aka tsara zaman 'yar fari da uwarta. Labarin baffa ya canja yadda aka ba da magani, ledar kuma ta kare yarinyar daga zargin shaye-shaye wanda ba na jin da uban zai taɓa cire shi daga ransa.

Sai dai ba zan ɗora komai a kan shiri ba, gidan nan sun yi sa'ar nas a dangi wadda yayanta ke jin maganarta kuma suna gari mai asibitin, wanda ke ƙauyen da sai ya yi tafiyar awa huɗu zuwa asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna ko Kware a Sakkwato ko Maiduguri lissafinsa daban ne. Shirin ma yana da giɓi, duk ƙarfin an zuba shi a ranar farko, ba a yi maganar wa zai riƙa sayen magani duk wata da wa zai riƙa duba ranar komawa ba, abin da ya jawo fashin Agusta ke nan. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, ta yi maganar sirrin mara lafiya da hana nuna masa bambanci, amma uban har yanzu a dangi ulsa yake cewa ta yi, baffan kuma ba wanda ya iya tunkararsa da maganar shi ma ya je a duba shi.